Kafin Rana Ta Yi Tsaka a Gindin Giwa

Phitsanulok,
5 ga Nuwamba, 2538 (a ƙidayar shekarun ƙasarmu)

Zuwa ga Mama,

Na haɗa tafukan hannuna na gaishe ki. Ina fata kina lafiya, kuma sanyin Taiwan bai tayar miki da ciwon gwiwar nan ba. Ni lafiyata ƙalau, sai 'yar mura da na yi da aka koma makaranta, ita ma ta wuce. An mayar da gadona kusa da taga, ina jin daɗin karatu da safe.

Mama, maganar kakata Yai ce ta sa na zauna rubutu. Ranar Asabar, biyu ga Disamba, za ta cika shekara da rasuwa. Kin ce masana'anta ba za ta ba ki hutu ba sai baɗi, kuma tunda ni kaɗai ce jikarta, ni zan kai abinci a madadinki, mahaifinki Luang Ta ya karɓa ya ci, a zuba ruwa, ladan ya isa gare ta. Zan yi. Sai dai har yanzu bakina bai saba da kiransa Luang Ta, sunansa na zuhudu, ba, sai in kama kaina ina cewa Kaka. Tun da ya aske kansa ya ɗauki rawayan mayafi ya shiga zuhudu ban sa shi a ido ba.

Wani direban motar garinmu ya kawo mini 'yar takarda daga wurinsa. Ga abin da ya rubuta, ban rage ba, ban ƙara ba:

"Kratai, ranar cikar shekara ina Tsohon Birni, a gindin giwar dutsen da hannunta ya karye. In kin zo kada ki rugo. Ki tsaya nesa kaɗan."

Shi ke nan fa, Mama. Na juya bayan takardar ko akwai saura, babu. Kin san yadda muke da shi lokacin da yake yankan ciyawa a cikin kufan birnin. Tun daga ƙofa nake sheƙowa da gudu, ya yar da lauje ya ɗaga ni sama, ya ja mini kitso sau biyu ya ce zomo ya zo cinye masa aiki. Na san mace ba ta taɓa mai zuhudu, ai ni ba yarinya ba ce. To me ya sa sai da ya rubuta? Yana ganin zan kunyata shi ne? Ko kuwa ganina zai dame shi, yana jin nauyin faɗa?

Duk da haka na shirya tafiyar da kyau. Na tambayi Malama Anong mai koya mana tarihi, ta ce ana buɗe ƙofar Tsohon Birni ƙarfe takwas na safe, a rufe ƙarfe biyar na yamma. Matar da ke dafa mana abinci ta yarda in yi amfani da madambacinta ranar Juma'a da yamma. Da safiyar Asabar muna da ƙarin darasin lissafi, ana tashi zan hau motar ƙarfe goma, in canza wata a Sawankhalok, in iso wajen ƙarfe ɗaya. Kin ga ina da lokaci mai yawa kafin a rufe ƙofa, kuma ba sai na nemi izinin kowa ba. Na duba lissafin sau biyu.

Abin da nake so in kai shi ne ƙullin shinkafar nan na Yai, mai ayaba da madarar kwakwa, wanda ta yi rayuwarta tana sayarwa a bakin ƙofar. Na sha kallonta tana yi, amma ci ya fi ɗauke mini hankali. Don haka ki rubuto mini yadda ake yi, musamman gishirin.

'Yarki mai kewarki,
Kratai


Phitsanulok,
19 ga Nuwamba, 2538

Zuwa ga Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan lafiya ce ta ɓoye ki. Ni ina nan lafiya. An ba mu sakamakon gwajin kimiyya, na yi ƙoƙari.

Kullum in an kira sunayen masu wasiƙa sai in miƙe zaune, sai a wuce ni. Ban sani ba ko tawa ce ba ta isa ba, ko kuwa kin karanta ne kin rasa yadda za ki gaya mini cewa abin da nake zato game da Luang Ta gaskiya ne. In haka ne, ki faɗa kawai, zan iya ɗauka.

Na gwada ƙullin ranar Lahadi. Ganyen ayaban ya yi ta yagewa, shinkafar ta tsiyaye cikin ruwa, abin da ya fito ya fi kama da kunu. Mai dafa abincin ta ɗanɗana, ta daɗe tana taunawa, sannan ta ce, "To, 'yata, niyyarki dai mai kyau ce." Na shiga banɗaki na yi kuka kaɗan.

Ga shawarar da na yanke, in kin yarda. Zan je yadda na tsara, amma ba zan shiga ciki ba. Zan ba Iya Saibua, ƙawar Yai da ta gaji rumfarta a bakin ƙofa, ƙullin, ita ta kai masa. Ni sai in tsaya ta bayan katanga in hango shi. Haka ba zan rugo ba, ba zan kunyata kowa ba, kuma na tsaya nesa kamar yadda ya ce.

Na yi mafarkin Yai tana zaune a rumfa tana kirana, amma motar da nake ciki ta ƙi tsayawa. Don me kika yi shiru, Mama?

'Yarki,
Kratai


Taoyuan,
21 ga Nuwamba, 2538

Zomona,

Lafiyata lau. Gwiwa tana nan tana gunaguninta, ni kuma ina yi mata kunnen uwar shegu. Wasiƙarki ta biyar ga wata sai jiya ta zo hannuna. Ashe tana ofishin gidan kwananmu, ƙarƙashin tarin takardun mutane. Yau ban tsaya cin abincin rana ba, na ce sai na rubuta miki.

Ƙarfe ɗaya, Kratai? Ƙarfe ɗaya! Da na zo wurin nan a wasiƙarki na yi wata ƙara har matar da ke kusa da ni ta zubar da miya a cinyarta. Ke da ake kira gaban taro a ba ki kyautar littafi! Wa zai ci miki abinci ƙarfe ɗaya? Giwar?

Kin je kin tambayo lokacin da ake rufe ƙofar birni, kin manta tasar Luang Ta ita ma ana rufe ta. Ga mai zuhudu, rana na yin tsaka shi ke nan, ko ƙwayar shinkafa ba za ta shiga bakinsa ba sai gari ya waye. Kin san wannan tun kina goye. Amma ban ga laifinki sosai ba. Ni ma in na rufe ido Baba nake gani da la'asar yana suɗe tukunya a ɓoye, Yai tana bin sa da ludayi. Wannan mutumin kike shirin kai wa abinci, shi kuwa yanzu wani agogon yake bi.

Ki saurare ni da kyau, don na san halin ubana. Ran nan ba zai taɓa abincin safe ba, zai bar cikinsa saboda naki. In kin iso ƙarfe ɗaya, tsoho zai kwana da yunwa, abincin da ba a karɓa an ci ba kuma ba shi da ladan da za a aika wa Yai. Shekara guda tana jira.

Sai maganar kada ki rugo. Haba, 'yar nan. Ba ke yake tsoro ba, hannayensa yake tsoro. Tun kina tatata in kin rugo su suke buɗewa da kansu, ba sa shawara da shi, kuma 'yan watannin nan ba su isa su koya musu sabon hali ba. Iya Saibua ta rubuto mini cewa kwanan baya wata 'yar baƙi ta sheƙo da gudu ta gabansa, sai ga Luang Ta ɗinki ya ware hannu a tsakiyar hanya. Da ya farga sai ya yi kamar sauro yake kora. Taimako yake roƙonki, bai iya roƙo ba ne. Ko Yai da ya nema aure, cewa ya yi mata, "Rumfar nan taki tana yoyo, tana son namiji."

Ga abin da za ki yi. Ki je wurin Malama Chawi, uwar ɗakin kwananku, ki nemi izinin fita ranar Juma'a. Na san gara ki haɗiye alli da ki yi wa matar nan magana, da fuskarta kamar ƙofar da aka sa wa kwaɗo biyu. In bakinki ya ƙi buɗuwa ki miƙa mata wasiƙar nan. Ki kwana wurin Iya Saibua, ki dafa a rumfa da sassafe, ya ci da zafinsa.

Shinkafar mai danƙo ki jiƙa ta ta kwana. Ayaba ki nemi wadda bawonta ya fara baƙi. Ganye ki gifta shi a kan wuta ya yi laushi, in ba haka ba zai yage. Gishiri ki sa fiye da yadda zuciyarki ta yarda. Kuma ki ɗaure su bibbiyu, ciki na kallon ciki. Kin tuna Yai ba ta taɓa sayar da guda ɗaya ba? In mutum ya ce ɗaya yake so, sai ta ce ya je ya nemo wanda za su ci tare.

Ina ta addu'a wannan takarda ta riga ranar isa. In kina zuba ruwan ki ambaci sunana a ranki. Ki gaya wa Yai ina nan ina ɗinka wa mutanen da ban sani ba takalma, kuma ban manta ba.

Mamanki,
Lamduan


Phitsanulok,
3 ga Disamba, 2538

Zuwa ga Mama,

Na haɗa hannu na gaishe ki. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Ni lafiya na dawo, sai 'yar ƙuna a babban yatsa. Ki yi watsi da wasiƙata ta biyu, na ga sun yi saɓani da taki a hanya, kuma ina jin kunyarta.

Wasiƙarki ta iso ranar Alhamis da yamma. Da na karanta wurin ƙarfe ɗaya sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na zauna a bakin gado ina kallon takardar lissafina da na ja wa layi da jan biro.

Na je ƙofar Malama Chawi na dawo, na sake zuwa na dawo. A na uku ita ta buɗe da kanta ta ce, "Ke, gadi aka ba ki?" Bakina ya ƙi, sai na miƙa mata wasiƙar kamar yadda kika ce. Mama, kin manta abin da kika rubuta a kanta a ciki! Ni ma sai da ta sa tabarau na tuna. Na so ƙasa ta tsage. Ta karanta har ƙarshe, ta ɗago ta ce, "Kwaɗo biyu, ko?" Na ce, "Ki yi haƙuri, Malama." Ta ce, "Ki gaya wa uwarki uku ne, ɗaya a ciki yake." Sai ta sa hannu a takardar izini, ta ce in ta ga fuskata a makaranta bayan tashin Juma'a sai ta hukunta ni.

Na iso rumfar Iya Saibua rana na faɗuwa. Ta riƙe haɓata ta ce, "Ji wuya kamar na zalɓe, ba sa ba ku abinci ne?" Muka jiƙa shinkafa muka kwanta.

Da sassafe muka hura wuta. Na roƙe ta ta ɗaure mini ko biyu ne, ta zauna a kan hannayenta ta ce, "Ladan hannunki ake so. Ni baki kawai zan sa." Ta kuwa sa. "Wannan ƙulli ne ko gawar ɓera? Kwance! Ƙara gishiri. Na ce ƙara, ba daga aljihunki yake fita ba." Na ɓata ganye da yawa kafin hannuna ya gane, shi ya sa muka makara ɗora tukunya.

Ina durƙushe ina fifita wuta na ji ƙarar ƙofar ƙarfe, mai gadi yana buɗewa. Na ɗaga kai, sai ga Luang Ta. Shi ne mutum na farko a bakin ƙofa, ba takalmi, tasarsa a rataye. Ya rame, Mama, kuma ba gashi kunnuwansa sun fito sosai. Ya ɗan tsaya daidai inda kujerar Yai take a da, bai juyo ba. Ni kuwa na ɓuya a bayan madambaci. Iya Saibua ta ce ƙasa ƙasa, "Tasar nan wayam take, dubi yadda take lilo." Ashe gaskiyarki.

Daga nan sai jira. Itacen ya sha raɓa, wutar ta yi ta hayaƙi. Motocin baƙi suka fara zuwa, Iya Saibua tana sayar musu da ruwan kwakwa tana leƙa tukunyata. Can sai muka ji gangar gidan zuhudu daga hayin kogi, wadda ake bugawa ƙarfe sha ɗaya a kira su cin abinci. Na ciro ƙulli ɗaya da hannu, a nan na ƙone. Muka buɗe, tsakiyarsa da sauran tauri. Na ce mu kai haka nan. Ta ce, "Ki kai wa tsoho tsakuwa ya fasa sauran haƙoransa? Rufe!" Na rufe, ina kallon agogonta, ina jin kamar in shiga tukunyar in taya su dahuwa.

Da ta ce ya yi, lokacin da ya rage kaɗan ne, kin kuma san nisan giwayen daga ƙofa. Na zuba a kwando, na ɗauki 'yar butar ruwa, na zura a guje. Mama, na yi gudun da ban taɓa yi ba, na wuce tafki, na wuce ginshiƙan nan da ba rufi, wasu baƙi har suna ba ni hanya. Sai da na hango hasumiya da giwayenta a jere sannan na tuna da takardarsa. Na ja birki. Na cire takalmi, na gyara siket, na taka a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ina haki.

Yana zaune a gindin giwar mai karyayyen hannu. Kin san me na gani? Ya cusa hannayensa duka biyu cikin mayafi ya harɗe su tamau. Na durƙusa nesa kaɗan na sunkuya sau uku. Ya ce, "Tun daga tafki nake jin ƙafarki."

Na ce, "Ai na tsaya, Luang Ta."

Ya ce, "Na gani. Sannu." Sai ya yi tari.

Ya ciro ɗan rawayan ƙyallen da suke karɓar abu daga hannun mata, ya shimfiɗa a gabansa, ya riƙe gefe ɗaya. Na matso da gwiwa na ɗora ƙulli biyu a ɗaure a ɗaya gefen, na ja baya. Ya dubi rana, ya kwance tsirkiyar gorar da na ɗaure su da ita, ya buɗe ɗaya. Tururi ya tashi. Ya ci a hankali, ni kuwa ina kallon tururuwa a ƙasa. Ya cinye tas, har ya kankare ganyen da yatsa.

Sannan ya ce, "Mai zuhudu ba ya yabon abinci, ba ya kushe shi." Na ce to. Sai ya ƙara da cewa, "Amma da wani tsoho mai yankan ciyawa yana nan, da ya ce wannan gishirin na gidansu ne."

Ya fara addu'a, ni kuma na riƙa tsiyaya ruwan a hankali cikin ƙoƙo ba tare da ya yanke ba. Na ambaci Yai, na ambace ki, na gaya mata maganar takalman. Da ya gama na kai ruwan gindin bishiya na juye. Ban yi kuka ba sai a wurin bishiyar, kuma na ba shi baya.

Da na dawo sai na ga ɗaya ƙullin yana kan ƙyallen, ta gefena. Ya ce, "Matar da ta koya muku wannan ba ta yarda mutum ya ci shi kaɗai. Ɗauki." Na miƙa hannu. Yatsuna suna kan ƙyallen ke nan sai na ji ya motsa. Ya ja shi ne ta gefensa, kaɗan, sau biyu, daidai yadda yake ja mini kitso. Fuskarsa na kallon hasumiya kamar ba shi ba. Ya ce, "Ci, zomo, kafin ya huce."

Na ci. Tsakiyar da ɗan sauran tauri, Mama, gaskiya. Bai faɗa ba.

Mun zauna har la'asar, shi a inuwar giwarsa, ni a inuwar ta kusa da ita. Ya tambayi karatuna, ya tambayi gwiwarki, ya yi ƙorafin cewa masu yankan ciyawar yanzu ba sa bin gindin katanga. Da mai gadi ya fara kaɗa ƙararrawa muka fito, yana gaba ina baya. Ƙarfe biyar daidai aka rufe ƙofa. Wannan kam lissafina bai kuskure ba.

Za ki ga 'yar tsirkiyar gora a cikin ambulan, kada ki zata shara ce. Ita ce ta ɗaure ƙullin. Shi ya bar ta a kan dutse ya ce in aiko miki, ki riƙe har baɗi ki ɗaure naki da ita. Ya ce kuma in gaya miki, tunda ke kika haifi mai lissafi: ƙofa takwas ake buɗe ta, shi sha biyu yake rufewa, kuma zai zo da tasarsa wayam.

'Yarki,
Kratai